Ranar da Yaya Ta Ɗage Mayafin Inna

Tun ina 'yar shekara biyar nake aikin tafinta, kuma tsakanin mutum biyu masu jin yare ɗaya: Inna da Yaya. Yaya ce 'yar farin Inna. A ƙauyenmu, can kusa da Tajaye, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce, Inna kuwa ta ɗauki tata ta aza a ka. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ba ta kallon fuskarta, ba ta yi mata magana baki da baki. Ko a tabarma ɗaya suke zaune, sai ta juyo wurina ta ce, "Ce ma waccan ta rame." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, wai kin rame." Yaya ta ce, "Ce ma Inna karatu na, ba yunwa ba." In sake juyawa in isar. Wuyana ya sha juyi a gidan nan.

Ni ce auta, kuma Allah ya yi ni da baki. In saƙo ya zo mini lami, sai in barbaɗa masa gishirina. Inna ta ce a gaya wa waccan ta sha fura, ni in ce, "Wai ki sha hura, kuma ki ba auta ɗankwalinki." Inna takan jefo ni da ludayi, Yaya ta yi dariya har da hawaye. Amma ko ina yarinya na san akwai abin da ke cin Yaya. Duk ranar da ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da takardar jarrabawa, sai ta ajiye ta inda idon Inna zai faɗa, ta koma gefe tana satar kallo. Inna ta ɗaga takardar, ta share wurin, ta mayar. Abin da Yaya ke so bai wuce Inna ta dube ta sau ɗaya ido cikin ido ba, kuma ba ta taɓa samu ba.

Baba ne ya sa ta cikin aikin da ta yi suna da shi. Ya faɗi a gona lokacin noman farko, aka ɗauko shi bakinsa ya karkace, hannun dama yana lilo. Kowa ya ce iska ce ta buge shi. Aka kawo rubutu, aka kawo kunu, ana ɗura masa yana ƙwarewa, ana ƙara ɗurawa, duk cikin ƙauna. Bai yi mako biyu ba ƙirji ya kama shi da zazzaɓi, ya rasu. Yaya tana makarantar kwana a Tawa lokacin. Sai da ta tafi Yamai karatun likita ta gane abin da ya faru: shanyewar ɓarin jiki takan taɓa maƙogwaro, kunun ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Na tuna hutun da ta zo da wannan sanin. Ta zauna bayan rumbu ta yi kuka, ta ce mini, "Auta, da hannunmu munka taimaki ciwon ga." Ba ta gaya wa Inna ba, ni ma ban isar ba. Shi ne saƙo ɗaya da na taɓa riƙewa.

Daga nan ba ta waiwaya ba. Ta gama a Yamai, ta ƙetare teku ta ƙaro karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta dawo. Ni kuma na zama malamar lakwal a Malbaza, inda maigidana ke aiki a izin, wato masana'antar siminti. Wasu abokan karatunta sun zauna can waje cikin sanyi da na'urori. Ita tambaya ɗaya ta dawo da ita, kuma ta yi shekaru tana bin ta kamar mai neman akuyar da ta ɓace: me ya sa mutanenmu ba sa isa asibiti sai ciwo ya kwana ya wuni, kuma me ake yi musu a gida kafin su iso?

Duk babban hutu sai ta biyo ta ɗauke ni mu shiga ƙauyuka, daga gefen Ƙwanni har Illela. Kai, na ji daɗin yawon nan! Ita da kaye, littafin rubutunta, da biro da abin awon tansiyo, wato hawan jini, ni da baki. Mata ba sa sakin jiki da Lokotoro, wato likita, mai gilashi, amma in na zauna na kama musu sussuka na zagi tsadar albasa, sai labari ya ɓarke. Ta fara da tambayar ƙarfe nawa mutum ya faɗi, ana ta kallon ta. Ni na ce, "Yaya, wa ka duba agogo sa'adda mijinta ya hwaɗi? Tambaye su salla." Ta canza. Kafin azahar ko bayan azahar? An ɗora tukunya ko ba a ɗora ba? Awaki sun dawo? Nan take kowa ya san amsa. Har yau in ta tsaya gaban manyan likitoci takan ce ƙanwarta ce ta koya mata karanta agogon ƙauye, ni kuma ba na musu, domin gaskiya ce.

Babban abin da muka gano, a Malbaza muka gano shi, a zauren wani tsohon direban kamyo, babbar motar ɗaukar siminti, wanda ciwon ya kama. Iyalinsa sun rantse bakinsa bai taɓu ba, hannu ne kawai. Yaya ta gaishe shi, ya ce, "Lahiya lau." Ina gajiya? "Lahiya lau." Ta ɗauki makullin mota da ke rataye a bango, abin da ya yi shekara talatin a aljihunsa, ta ce, "Baba, mi na wanga?" Ya dubi makulli, ya dube ta, leɓensa na rawa, ya ce, "Lahiya lau." A mota Yaya ta kasa zama wuri ɗaya don zumuɗi. Ta ce an san wannan a littafi, cewa maganar da baki ya saba da ita takan tsira ko sauran sun tafi, amma ba wanda ya zauna ya yi tunanin abin da hakan ke nufi a ƙasar da gaisuwa kaɗai kan ci rabin safiya. Mutum zai iya wuni yana amsa gaisuwar gari guda, ana cewa ya ji sauƙi, alhali ba ya iya kiran sunan ludayi.

A kan haka ta gina gwajinta, mai sauƙi har yaro ya riƙe. A dubi fuska, a ce mutum ya yi murmushi. A ba shi faifai ya riƙe da hannu biyu, a ga ko gefe ɗaya zai sauka. Kada a gaishe shi, a nuna masa wani abu a ce ya faɗi sunansa. In ɗaya ya kasa, ba ruwa, ba kunu, ba rubutu a baki, sai mota. Ta rubuta wannan da nasara, wato Faransanci, aka buga, aka kira ta taruka ta yi bayani. Ɗalibanta suka ɗauka suka kai wasu jihohi. Ni dai abin da ya fi burge ni, ranar da na ji wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, a tashar Ƙwanni yana yi wa abokinsa tsiya, ya ɗaga masa hula yana cewa, "Mi na wanga? In ba ka sani ba in kai ka likita." Na tsaya na yi ta dariya ni kaɗai a bakin titi.

Shekarar da aka ƙara mata girma a jami'a, ta ce taron farko a gida za ta yi shi. Ta tara wanzamai da ungozomomi da 'yan kabu-kabu na yankinmu a harabar ɗakin shan magani, don ta koya musu gwajin. Wayyo, ranar nan! Tun da hantsi garin ya cika. Mata sun ci ado kamar suna, guɗa ta ko'ina. Na yi ɗinki sabo, na bar 'yan ajina da aiki na gudo tun jajibiri. Sarkin aska na garinmu, tsoho mai taurin kai wanda ya yi wa rabin garin ƙaho, shi ya fara fitowa aka ɗaura masa abin awo a dantse, ya ce in an ga jini ya hau to Lokotoro ce ta hau da shi da surutu. Aka yi ta raha. Yaya ta sa ni na kwanta na yi mai ciwo, na karkace baki, ana nuna mini ludayi ina cewa "lahiya lau," mutane na riƙe ciki. Ina ta baza ido ko zan hango Inna a bayan mata. Yaya ma na ga tana leƙe. Inna ba ta zo ba, kuma dama mun san ba za ta zo ba. Uwa ba ta zuwa kallon 'yar fari ana yabon ta.

Amma na san ta shirya. Bayan azahar na leƙa gida ɗauko faifai, na tarar da ita tana dama fura da kanta, da nonon da ta aika aka sayo tun safe daga ruga. Har ta yi mini faɗa wai na zuba gishiri da yawa a miya. Na fita ina gunaguni.

Da aka tashi taro, tun ba a kira la'asar ba, muka ɗunguma gida, mata na biye da mu, Sarkin aska ma ya rako har zaure. Inna tana zaune a ɗakinta bakin gado, ta jingina da bango, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gefenta. Mata suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ina wuni, Inna? "Lahiya lau." Ina taro? "Lahiya lau." Sannan Yaya ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta sunkuyar da kai ta gaishe ta. Inna ta yi shiru. Ɗaki ya ɗauki dariya. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ku dibi kunya! Ɗiya ta zama babbar lokotoro, hurhura ta hito mata, amma har yau ba a iya amsa mata gaisuwa!" Yaya ta yi murmushin nan nata na haƙuri, idonta a ƙasa. Macen da ta koya wa gari guda kallon fuska awa ɗaya da ta wuce, ga ta gaban fuska ɗaya tak da ba ta da izinin kallo.

Ni kuwa na gyara tsayuwa ina jiran aikina. Shekara arba'in ban taɓa ganin Yaya ta iso gida ba tare da Inna ta juyo ta ce mini "ce ma waccan" ba. Ta rame, ta yi baƙi, takalminta ba na mutunci ba ne, wani abu dai. Na jira. Ba ta juyo ba. Na ce a raina yau kuma wane sabon salo ne? Sai idona ya sauka ƙasa. Ƙwaryar fura tana nan ba a rufe ba, ludayi ya faɗi a ƙasa gefen damanta, ƙuda na bin sa. Inna ba ta barin ludayi a ƙasa ko gobara ake. Carbinta kuma yana hannun hagu.

Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mata ba. Na ɗauki ludayin na kai gaban idonta.

"Inna, mi na wanga?"

Mata suka sake fashewa da dariya, sun ɗauka wasan ɗazu nake maimaitawa. Gwaggo ta ce, "Ke auta, ba ki da ta ido."

Inna ta dubi ludayin. Ta dube ni. Ta ce, "Lahiya lau."

Ihun da na yi, an ce har masallaci an ji. "Yaya! Ba kunya ba ta!"

Na ga Yaya ta miƙe, na kuma ga ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, taki biyu tsakaninta da Inna. Numfashi ɗaya ta yi a haka, sannan ta ce, "Inna, ki gahwarce ni," ta durƙusa, ta kama bakin mayafin ta ɗage. Gefen bakin Inna na dama ya sauka, miyau ya jiƙa haɓarta. Yaya ta tallabi fuskar da hannu biyu ta kalle ta sosai, karo na farko a rayuwarta. Inna ma ta kalle ta, ba ta kau da kai ba.

Daga nan Lokotoro ta dawo jikinta. "Auta, yaushe kinka gan ta lahiya?" Na ce bayan azahar, ta yi mini faɗan gishiri da cikakken baki. "Alhamdu lillahi, ba a jima ba. A kira direba." Ta miƙa mata faifai, hannun dama ya zame. Ta ɗaura abin awo, ta ga abin da ta gani, ba ta faɗa ba. Ɗaki ya rikice da salati. Sai ga Gwaggo ta kutso da moɗa cike da ruwan rubutu, tana kuka tana cewa a buɗe bakinta. Kafin in yi magana, wata murya ta daka tsawa daga tsakar gida: "Kul! Ba ruwa, ba kunu, ba rubutu a baki! A shahwa mata a goshi in ana so!" Sarkin aska ne, ya manta da cewa baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, ya shigo har ƙofar ɗaki da zabirarsa. Gwaggo ta tsaya da moɗa a hannu. Ta shafa mata a goshi.

Ana kiran la'asar muna kan kwalta, mun nufi Tawa. Yaya ta kwantar da Inna a gefenta, kanta bisa cinyarta, tana waya da hannu ɗaya tana ba da umarni da nasara, ɗaya hannun yana goge mata baki da gefen zanenta na taro. Ni ina gaba ina yi wa direba masifa ya taka, ina yi wa kowane kamyo da ya tare hanya Allah ya isa. A asibiti aka ɗauki hoton kai, aka ce jijiya ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba. Likitoci suka lallaɓa hawan jinin, suka hana ta komai ta baki sai da aka gwada haɗiyarta. Ƙirjinta bai kama ba. Abin da ya tafi da Baba bai ko leƙo ta ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya zo dubiya, har wanda bai tambaya ba.

Yaya ta ɗauki hutu, ta bar jami'a da taruka, ta dawo ƙauye da Inna. Watannin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ciwon ya tafi da kalmomin Inna, ya kuma tafi da kunyar. Yaya ke yi mata wanka, ita ke murza mata hannu da man shanu, ita ke ba ta kunu mai kauri cokali-cokali tana lura da maƙogwaro. Inna kuwa ta bi ta da ido duk inda ta yi. In Yaya ta fita ɗebo ruwa, sai ta yi ta kallon ƙofa har ta dawo. Wata rana na tarar ta kai hannun hagu tana shafa furfurar da ke goshin Yaya, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Yaya ta rufe ido ta yi lamo. Na koma da baya na ba su wuri. Aikina na tafinta ya mutu, kuma in faɗi gaskiya, har da ɗan kishi na ji.

Kowace safiya akwai darasi a gindin bedi, wato dogon yaro. Yaya ta jera kaya a tabarma, ludayi, faifai, carbi, allura, ta ɗaga ɗaya-ɗaya. Ranar da Inna ta ce "lu-da-yi" na yi guɗar da ta kori kaji daga tsakar gida. Sai akuya ta fito, sai gero, sai sunan Gwaggo, sai nawa. Duk Asabar in taso daga Malbaza da ɗokin jin sabuwar kalma, Yaya ta buɗe kaye ta karanto mini su kamar sakamakon jarrabawa. Na lura tana nuna komai da kowa a gidan, har jakin maƙwabta, amma ba ta taɓa nuna kanta ba. Na ce mata, "Yaya, yanzu hwa dama ta samu. Ki tambaye ta sunanki." Ta girgiza kai, ta ce ba za ta karɓi abu a hannun ciwo ba.

Ni ba ni da irin wannan haƙurin. Wata Asabar bayan an yi girbi, ana cikin darasi, Inna ta faɗi kaya shida a jere ba tuntuɓe. Farin ciki ya ɗebe ni. Na dafa kafaɗar Yaya na ce, "To Inna, wagga hwa? Wa ta?"

Yaya ta harare ni, amma na ji kafaɗarta ta sandare a ƙarƙashin hannuna. Tana jira.

Inna ta kalle ta, kallo mai tsawo. Leɓenta ya motsa. Sai na ga wani abu ya dawo cikin idonta, abin da na sani tun ina 'yar shekara biyar. Ta ɗaga hannu a hankali, hannun dama, wanda ya yi wata huɗu a kwance, ta kamo bakin mayafi ta ja shi ya rufe rabin fuskarta. Ta juyo wurina.

"Ce ma waccan ta bar kallona haka. Kuma ta rame. Ta sha hura."

Sannan Yaya ta ɗauki biro, ta buɗe kaye, tana rubutu tana faɗa da muryar aiki: "Jimla ukku cikakku. Hannun dama ya kai har kai." Ta kifa fuska a kan kayen tana dariya tana kuka, ni ma na kasa gane wanne ya fi yawa. Ta fi kowa sanin abin da ta gani. Inna ta warke, kuma ba za ta ƙara shafa mata goshi ba.

Na share hawayena, na gyara murya, na juya wuyana kamar yadda na saba.

"Yaya, wai kin rame. Wai ki sha hura."

Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Yaya ta jawo ƙwaryar, ta juya wa Inna baya yadda ya kamata 'yar fari ta yi, ta sha har ƙasa.